Kitson da Inna Ta Jira

Duk matar da ta taɓa zama a kujerar Auta ta san ba kitso kaɗai ake samu a shagon nan ba, har da wa'azi kyauta. Hannu na aiki, baki na aiki. Tana tsaga kai da kibiya tana faɗa: kada a bar kitso ya tsufa har ya fara cin gashi, kada a taje kai a bushe, in kuma za a taje a fara daga bakin gashi a hauro sama a hankali, ba a kafa mataji a tushe a fizgo kamar ana cire ciyawa ba. In ta ga mace ta lafta mai a sama ta bar fatar kai da amosani, sai ta ce, "Baiwar Allah, kin yi wa gida fenti kin bar ɗaki ba shara." Mata su yi ta dariya, gobe kuma su dawo.

Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran waya. Kujeru uku ne a ciki, da dogon madubi mai tsaguwa a kusurwa, da wurin wanke kai, da injin busar da gashi mai ƙara kamar zai tashi sama. Su biyu suke aiki, ita da wata mace marar son magana da kowa ke kira Doguwa. Kitson yau da kullum Doguwa ta iya shi sarai. Amma in mace tana da taro, amarya ce ko wadda za a ɗauka hoto, to Auta take nema, ko da za ta wuni a benci tana jira. Auta ta san yadda ake tattara gashi a ƙeya a naɗe shi ya zauna daram har a tashi taro, ta san inda ake cusa fil ba a gan shi ba, kuma da kallo ɗaya take gane fuskar da ke son tsagar gefe da wadda ke son ta tsakiya.

Ta haura arba'in, da 'ya'yanta, amma har yanzu Auta ce. Haka mahaifiyarta take kiranta tun tana goye, sunan ya bi ta har kan allon shago.

Mahaifiyar, wadda kowa ke ce wa Inna, Allah ya ba ta gashi. Ko da ya yi fari fat bai rage tsawo ba, in aka tsefe shi har gadon baya yake sauka. Tun da hannun Auta ya nuna, Inna ba ta ƙara miƙa kanta ga wata ba. Da tana da lafiya da ƙafarta take zuwa shago, ta zauna ta saka baki a hirar 'yan mata har layi ya zo kanta. Sai bara ciwo ya same ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakinta ya dawo, da ɗan nauyi amma da kaifinsa, hannu da ƙafa kuwa suka ƙi. Yaya, babban ɗanta, ya ɗauke ta ya kai ta gidansa can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu. Matarsa, da suke kira Malama don tana koyarwa a firamare, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta a gado.

Da farko duk mako Auta tana can da jakar kayan aikinta. Daga baya aiki ya yi yawa, mako ya koma mako biyu. Wata rana da ta je, sai ta zauna ta yi wa Inna ƙananan kitso, sirara, ta ɗaure su tam. Inna ta shafa da hannun hagu ta ce yau an yi mata na 'yan gayu. Auta ta yi murmushi. Ta san dalilin da ya sa ta ƙananta shi: don ya daɗe, ya rage mata zirga-zirga.

Ya kuwa daɗe. Ba wai ta daina zuwa ba ne. Takan leƙa da yamma a gurguje, da ledar lemo da ayaba, jaka a kafaɗa, ko zama sosai ba ta yi. Kullum ta tarar da Inna ta ɗaure kai da ɗankwali har goshi.

"Inna, kanki fa?"

"Yana nan inda kika bar shi."

"Mako mai zuwa in Allah ya yarda. Wannan makon amare sun yi min yawa."

"Allah ya ƙara kasuwa."

Da haka watanni suka shige. In abin ya faɗo mata a rai tana tsakiyar aiki, sai ta ce wa kanta ai kitson ƙanana ne, yana da saura, ta ci gaba da tsaga.

Ranar da Malama ta kira, Auta tana kan wata amarya, fil biyu a baki, tana naɗe mata gashi. Ta maƙale waya a kafaɗa.

"Auta, ki yi haƙuri na katse miki aiki," in ji Malama. "Kin san jibi ne Takwara za ta karɓi takardarta."

Takwara 'yar Yaya ce, mai sunan Inna, ta gama karatun jinya.

"Na sani mana. Na ce mata ta zo gobe da yamma in gyara mata kai."

"Ba kan Takwara na kira ba, kan Inna ne. Ta dage sai ta je taron. To kan nan ya fara wari, Auta. Susa take har ina ganin jini a matashi. Na yi na yi ta bar ni in tsefe, ta ƙi. Yayanki ya ce in haka ne gobe zai kawo mai aski a sauke gashin kowa ya huta."

Auta ta tofar da fil ɗin a tafin hannu. "Mai aski? A kan uwata, ina raye?"

"To ki zo."

Iyakar abin da Malama ta faɗa ke nan, ba ɗaga murya, ba gori. Auta ta ajiye waya, ta ɗaga ido sai ta haɗu da idon amarya a madubi. Yarinyar ta yi sauri ta sunkuyar da kai, alamar ta ji komai. Doguwa ma ta ji, amma ta ci gaba da wanke kan da take wankewa. Har aka gama gyaran nan ba a ƙara jin bakin Auta ba.

Abin da ya fi ci mata rai daga baya shi ne, ko a lokacin sai da ta tsaya lissafin matan da ta yi wa alkawarin gobe, tana neman ko za ta iya matsa Inna zuwa yamma. Doguwa ce ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Tafi. Wadda ba ta son hannuna ta dawo wani makon."

Da sassafe ta isa gidan Yaya. Ya riga ya fita aiki, Malama kuma ta nemi izini a makaranta ta zauna. Ɗakin Inna yana nan fes, an share, an canza zanen gado, ga keken guragu a naɗe a bayan ƙofa, ga ƙaramar rediyo a bakin taga tana ta magana ita kaɗai. Inna tana jingine da matasai.

"Wa nake gani kamar mai kitson amare? Ɓatan hanya kika yi?"

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau. Yau ba ayaba?"

Auta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ita da Malama suka ɗaga Inna suka zaunar da ita a kujera kusa da taga inda haske yake. Auta ta zagaya ta baya ta kai hannu ga ɗankwalin. Sai Inna ta ɗora hannun hagu ta dafe shi.

"Malama, rufo mana ƙofa."

Sai da aka rufe ta saki.

Auta ta ga kawuna iri-iri a rayuwarta, na masu ƙiwa da na marasa lafiya, kuma ba wadda ba ta yi wa faɗa ba. Irin wannan dai ba ta taɓa gani ba. Layin tsaga ya ɓace gaba ɗaya. Sabon gashi ya fito ya haɗu da wanda ya kaɗe bai samu hanyar faɗuwa ba, suka cukurkuɗe a gindin kowane kitso, ga tsohon mai da ƙura sun daskare a ciki. Sirarran kitson nan da ta yi suna reto a bakin ƙulle-ƙullen kamar igiyoyi. A ƙeya kuwa, inda Inna ke kwanciya a kai, duk sun haɗe sun zama faifai guda, tauri kamar tsohuwar tabarma. Ga wari, ba mai yawa ba, amma irin wanda hancin makitsiya ba ya ɓata.

Ta tsaya riƙe da ɗankwali, ta rasa inda za ta sa kunyarta, sai ta juye ta a kan Malama.

"Haba Malama! Kai ya kai haka kuna kallo, ba wanda zai faɗa min?"

Malama ta dube ta. Mace ce mai sanyin hali, amma idonta ya nuna gajiya. "Na faɗa miki lokacin da ta fara susa, kika ce mako mai zuwa. Na sake turo miki saƙo, kika turo man shafawa."

Gaskiya ne. Auta ta tuna kwalbar, ta tuna har ta ji daɗi a ranta da ta aika da mai tsada.

"Ki bar yarinyar mutane," in ji Inna. "Ni na hana ta. Ta zo da mataji ya fi a ƙirga, na kore ta."

"Don me, Inna?"

"To ƙawayena suna zuwa gaishe ni. Kowacce ta zauna sai ta ce, ke kam kin huta, 'yarki makitsiya. Ni kuma in ce ai duk mako tana nan. In suka ga hannun wata a kaina, me zan ce musu? Gara in ɗaure abina."

Auta ta ajiye ɗankwalin a bakin gado. Ta durƙusa ta buɗe jaka tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana jera su fiye da yadda ya kamata, don kada a ga fuskarta.

Aiki dai ta san shi. Ta sa Malama ta ɗumama ruwa, ta zuba a kwalbar feshi ta jiƙa kan sosai, ta kwaɓa man laushi da man zaitun ta bi kowane ƙulli tana matsa shi ciki da yatsa. Ta rufe kan da hular leda, ta naɗa tawul mai ɗumi, suka jira ya sha. Sannan ta fara daga gaba. Ba ta taɓa mataji ba. Da bakin kibiya take warware kitso tun daga jela, in ta iso ƙullin sai ta ajiye kibiya ta koma yatsu, ta riƙe tushen da hannu ɗaya don kada ya ja fata, ta riƙa zare gashi sili-sili da ɗayan. Duk wanda ta warware sai ta murɗa shi ta maƙale gefe don kada ya koma cikin 'yan'uwansa. Mataccen gashi yana ta taruwa a cinyarta, fari, kamar audugar da aka yasar.

"A shago in kika samu irin wannan kai me kike ce wa mai shi?" Inna ta tambaya.

"Ba na cewa komai."

"Ƙarya kike. Ni na san bakinki."

Malama ta yi dariya ta toshe baki. Ta jawo kujera ta zauna a gaban Inna, ta tallafe mata haɓa da tafin hannu, don wuyan ba ya jure zama da yawa. In ya gaji sai su mayar da ita gado ta huta, su sake ɗago ta. Auta ta lura Malama ba ta jira a faɗa mata. Da ta ga gefen bakin Inna ya motsa ta san ruwa take so, da ta ga ta lumshe ido ta san baya ne ya ƙage.

Rana ta take tsaka kafin a gama gaba da gefe biyu. Gashin da ya tsira ya fi yadda Auta ta zata, har zuciyarta ta fara sanyi. Sai ta iso ƙeya.

Ta ƙara ruwa, ta ƙara mai, ta nemi bakin da za ta shiga ta rasa. Ta cusa kibiya ta gefe ta ɗan ɗaga faifan, sai ta ga abin da ke ƙasa: fatar ta yi ja ta saluɓe, faɗin tafin hannun yaro, tana tsatsar ruwa.

Daidai nan Takwara ta shigo, da rigar taron gobe a rataye a hannu cikin leda. Ta gaida gwaggonta, ta tsokani kakarta, sannan ta leƙa. Fara'arta ta ɗauke.

"Gwaggo, wannan ciwon yana son iska da magani. In ba a buɗe shi ba zai ci gaba."

"Na sani. Zan warware shi."

"Gwaggo..."

"Na ce zan warware."

Takwara ta dubi mahaifiyarta. Auta ta duƙufa. Ta san sarai da wata ce ta zo mata da wannan a shago, da tuni ta ɗauko almakashi. Amma ta ci gaba, tana tsinka da kibiya, tana ja, tana ƙara mai, gumi na ɗiga daga haɓarta. Sili biyu su fito, goma su tsinke. Duk ja ɗaya sai kan Inna ya biyo hannunta baya, Malama ta mayar da shi.

Can Auta ta leƙo ta gefe don ta ɗauki kwalbar ruwa, sai ta ga fuskar Inna. Ta rufe ido, ta cije leɓe, hawaye na bin gefen da ya shanye yana sauka a yatsun Malama.

Hannun Auta ya tsaya. Ta gane cewa tun ɗazu ba don Inna take wannan kokawa ba. So take a ce ba a yanke ko sili ba, a ce Auta ta zo ta gyara komai. Tsohuwar kuma ta gane, shi ya sa ta cije take jurewa.

Ta ajiye kibiya, ta zagayo ta durƙusa a gabanta.

"Inna, na ƙeyar nan ba zai warwaru ba. Sai an yanke."

Inna ta buɗe ido. "To yanke mana. Gashi ne, ba wuya ba."

"Ki yafe min."

"Ki yi aikinki tukuna, bayana ya gaji."

Auta ta ɗauko almakashi. Ta sa yatsu biyu tsakanin fata da gashi don kada ƙarfe ya taɓa ciwon, ta riƙa datsa kaɗan-kaɗan. Almakashin da ke yanka gashi kamar ruwa yau sai da ta haɗa da ƙarfi. Da faifan ya rabu da kai ya faɗo hannunta, sai ta ji nauyinsa, da jelolin kitsonta suna lilo a jiki. Ta rasa inda za ta ajiye. Malama ta miƙo leda.

Takwara ta wanke ciwon ta shafa magani. Auta ta wanke sauran kan da ruwan ɗumi a roba, Inna na kwance an sauko da kanta bakin gado, ta tsane shi da tawul a hankali ba gurzawa. Sannan ta taje da mataji mai manyan haƙora. Ta yi manyan kitso guda-guda, sakwa-sakwa, daga goshi zuwa baya, ta karkatar da su ta gefe biyu suka zagaye ciwon ba su taɓa shi ba. Jelolin ta haɗa ta naɗe su a sama da wurin, ta kama da fil, yadda in an ɗaura ɗankwali zai zauna a kan naɗin, ya bar wa ciwon sarari, kuma ba mai gane akwai abin da ya ragu.

Tana cikin haka Yaya ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ledar da ke ƙasa, ya dubi ƙanwarsa. Ta shirya wa faɗa, har ta fi son ya yi.

"Sannu da aiki," ya ce, ya wuce.

Washegari aka tafi taro. Babban zaure ne cike da kujerun roba, fankoki na juyawa, ɗalibai cikin dogayen riguna da huluna masu faɗi. Yaya ya tura keken Inna har layin gaba. Auta ta ɗaura mata ɗankwali mai laushi, ta ɗan ja shi baya yadda farin kitson ya leƙo a goshi, tsaf-tsaf. Da aka kira Takwara, Inna ta ɗaga hannun hagu tana bugun hannun keke, tunda tafi ya gagara.

Bayan an tashi ana ta hotuna a waje, sai ga wata tsohuwar ƙawar Inna da ta zo taya jikanta murna. Ta rungume ta, ta ja baya tana kallo.

"Kai, kai! Dubi kai kamar na amarya. Ke dai kin more 'ya. Namu sai mun yi ta roƙo kafin su taɓa mana kai."

"Ai Auta ba ta wasa da kaina," in ji Inna, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Matar ta juyo ta kama hannun Auta tana sa mata albarka, ta ce samun irinta sai an tona, ta kira surukarta ta zo ta karɓi lambar waya. Malama tana tsaye a bayan keke, riƙe da jakar magani da gorar ruwa, ba wanda ya dube ta. Auta ta karanto lambar da murya ƙasa-ƙasa, tana jin kamar ta nutse. Ta buɗe baki za ta ce wani abu game da Malama, sai mai hoto ya ce kowa ya matso, maganar ta wuce.

Da suka koma gida aka kwantar da Inna, Auta ta zauna a bakin gado ta cire mata fil ɗin don kada su soke ta.

"Inna, na yanke shawara. Duk ranar farko ta mako zan rufe shago da safe in zo. Ko wace ce ta zo sai ta jira. Wallahi wannan karon..."

"Kada ki rantse."

"Da gaske nake."

"Na san da gaske kike. Kullum da gaske kike." Inna ta numfasa, ta gyara harshenta mai nauyi. "Auta, in kika yi alkawari kika karya, ba haushi nake ji ba. Tausayinki nake ji, in ga kin shigo kina sunkuyar da kai da ledar ayaba. Na gaji da wannan. Ki koya wa Malama. Irin wannan manya-manyan, ba wuya gare su ba."

"Inna, ni ce fa mai yi miki."

"Ke ce. Amma ita ke kwana da kan. Jiya da ta riƙe min haɓa na ce a raina, wannan baiwar Allah ba inda ba ta wanke min a jikina, sai kai ne zan hana ta don kada mata su yi magana? Ban kyauta mata ba. Ke ki riƙa zuwa min hira. Ranar da kika samu dama ki zo, ranar da ba ki samu ba ba ki ci bashin kowa ba."

Auta ta so a ce zaginta aka yi. Ta zauna tana juya fil a hannu. Daga ƙarshe ta ce to.

Ta kuwa koya wa Malama. Malama ba ta da saurin hannu, yatsun alli ne ba na kitso ba, amma tana da haƙuri, kuma ba ta jin kunyar tambaya. Auta ta nuna mata yadda ake raba gashi uku, yadda ake ɗebo ƙari daga gefe ba a ja ba, da yadda za ta gane kitso ya isa tsifa tun kafin ya fara ƙulli. Ciwon ya warke a hankali. Gashi ya sake tsirowa a ƙeya, gajere, mai laushi, sai dai wani ɗan wuri a tsakiya da ya ƙi, ya zauna sumul. Auta tana zuwa fiye da da. Wani makon kuma aiki ya danne ta ba ta zo ba, ba wanda ya kira, wannan shirun ma yana damunta.

Wata safiya ta iso ta tarar sun riga sun fara. Inna tana kujera bakin taga, Malama a tsaye a bayanta da mataji, suna dariyar wani abu da mai rediyo ya faɗa, wanda da alama sun daɗe suna yi masa ba'a. Suka yi ƙoƙarin bayyana mata, ba ta gane abin dariyar ba. Ta zauna a bakin gado, hannuwa a cinya. Ta ga tsagar ta ɗan karkace, yatsunta suka motsa da kansu, ta danne su.

"Ki ɗan sassauta ta bayan kunnen nan," ta ce.

"Ai nan ba ta ji," in ji Malama. "Ɗaya gefen ne ba ta son a taɓa da safe."

Auta ta gyaɗa kai. Ba ta san da wannan ba.

"Auta, tunda hannunki ba aiki, haɗo min shayi," in ji Inna. "A kofina."

Ta tashi da sauri, tana murnar an sa ta wani abu. Ta shiga kicin ta ɗora ruwa, ta buɗe kabad na farko ta ga tukwane, ta buɗe na biyu ta ga kofuna fal, manya da ƙanana, na tangaran da na roba. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan. Ruwa ya tafasa tana nan tsaye. Daga ɗaki tana jin muryarsu ƙasa-ƙasa. Sai da ta daɗe sannan ta leƙo da kai ta ƙofa.

"Malama, wanne ne kofin Inna?"

"Mai hannu biyu, yana kan taga a kife. Ki bari ya ɗan huce kafin ki kawo."